Ya Gaji, Ku Ba Shi Hutu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Gwaggo ta riga mu tafiya. Gobe take cika kwana arba'in.

Ranar da ta rasu, rabin mutanen da suka cika gidanmu na unguwar Nima ba dominta suka zo ba. Labarin ya fita unguwa ne da Hausarmu ta Zongo, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne. Aka ce, "Ya rasu a gidan tsohon soja." To wa zai tsaya tambaya? Shekara tara ke nan mahaifina yana kwance a ɗakin nan, ɓarin jikinsa a shanye. Kowa ya ɗauka shi ne. Tsofaffin sojoji abokansa suka zo su huɗu, ɗaya har ya maƙala lambobinsa a ƙirji, suka zauna a benci suna cewa Allah Ya hutar da shi, ya sha wuya. Mata suka shigo suna tambayar ina Gwaggo, su yi mata gaisuwa. Da kunnena na ji wata tana ce wa 'yar'uwarta, to, yanzu baiwar Allah za ta samu ta miƙe ƙafa. A daidai lokacin ana yi wa baiwar Allah wankan gawa a bayan tabarma. Shi kuwa wanda suka zo binnewa yana ciki yana buga cokali a kwano, don lokacin kununsa ya wuce.

Da aka gane wanda ya rasu, mai lambobi ya cire su a hankali ya sa aljihu. Mata suka sake sabon kuka. Daga nan kuma sai yabo. Liman ya ce irin wannan haƙuri ba a samunsa sai a mutanen da. Baffa, ƙanen mahaifina, wanda ya zama babba a dangi tun da Baba ya kwanta, ya share hawaye da bakin riga ya ce shekara tara bai taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Duk wanda ya zauna sai ya ce haƙuri, duk wanda ya tashi sai ya ce haƙuri, har kalmar ta ishe ni. Wata tsohuwa ta gama yi mini ta'aziyya, ta miƙe, ta gyara mayafi, sai kuma ta waiwayo bisa sabo ta ce, "Ya mai jiki?"

Maganar Baffa ba gaskiya ba ce. Gwaggo ta yi ƙorafi, a gabansa ta yi, ina wurin.

Ni tela ne, ba malami ba, bokona ma ba shi da yawa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, gobe in an gama sadakar arba'in Baffa zai zaunar da dangi a yanke wanda zai ci gaba da jinyar Baba, kuma na san sunan da ke bakinsa. Matata ce. Tun ranar da aka binne Gwaggo take can, wai na ɗan lokaci. Na taɓa jin wannan "ɗan lokacin" a bakin Baffa, na kuma ga inda ya ƙare. Don haka kafin a zauna ina so a san wace ce Gwaggo, a kuma san abin da muka yi mata.

Ƙanwar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinsu bafataken goro ne daga Kano, ya yi zango a Salaga bai koma ba, a can aka haife su. Ta yi aure sau biyu, mijin farko ya rasu, na biyu suka rabu lafiya, Allah bai bar mata ɗa ba. Da mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, Baba yana soja a nan Ankara, birninmu na bakin teku, ya aika aka kawo ta, ita ta riƙe ni har ya je yaƙin Turawa ya dawo. Ban san wata uwa ba sai ita.

Waɗanda suka san ta a 'yan shekarun nan kawai ba za su yarda ba, amma Gwaggo mace ce mai baki. Koko da ƙosai take sayarwa a bakin tashar Nima, tun daga nesa kake jin muryarta. Tana jin Tonanci, tana jin yaren Ga, tana zagi da duka biyun. Hausarta kuwa ta gida ce, ta gadon ubanta, kuma ba ta gajiya da tsokanar masu Hausar Zongo. Wani ɗan dako zai zo shan koko yana murna ya ce, "Matana ya haihu." Sai ta zuba masa ludayi guda na kyauta, ta yi masa barka, sannan ta tambaye shi ko matar tasa ya samu ya aske gemu kafin naƙuda. Tasha ta kwashe da dariya, har shi mai matar. Ni kuwa in na kuskura na ce "Gwaggo ya ce", kunnena ne zai gaya mini. Takan ce garin nan har a baki ba a ganin mace. A lokacin wasa take yi.

Ranar Lahadi ba ta fita da koko. Sai ta ɗaura atamfarta mai kyau ta hau mota zuwa bakin teku, ta yi cinikin kifi da matan Ga kamar za a ba hammata iska, a rabu ana dariya. Ta tsoma ƙafa a ruwa, ta zauna a yashi ta ci kenke, tuwon masararsu, da barkono, ta dawo da yamma ƙafafunta duk gishiri. In ana biki a Nima ko Mamobi, ita ce mai guɗa. Amarya ba ta fita sai an ji ta.

Baba ya faɗi ne shekara guda kafin Turawa su miƙa mulki. A ƙofar gidan da yake gadi aka tsince shi da safe. Ya yi sati uku a asibiti, suka ce a kai shi gida, abin da za su iya sun yi. Ɓarin dama ya tafi, harshe ya karye. Magana biyu ce ta rage masa: "Inna", wanda da shi yake kiran Gwaggo don ya ɗauka uwarsu ce, sai wata ashariya ta bariki da ba zan rubuta ba. Aka zauna a tsakar gida. Baffa ya ce tunda Gwaggo ba miji ba ɗa, ta riƙe shi na ɗan lokaci, kafin ya samu sauƙi. Ba wanda ya tilasta mata, in faɗi gaskiya. Ta ce yayanta ne, shi ya goya ta tana ƙarama, ba za ta bar wa bare tsiraicinsa ba. Muka ji daɗi, muka sa mata albarka. Ba wanda ya tambaya in sauƙin bai zo ba fa. Daga baya Baffa ya samu fili a sabuwar unguwar Madina ya koma can, ya samu uzurin nisa. Ni ba ni da ko wannan. Shagona da ɗakina suna Mamobi, kwata kawai zan tsallaka.

Baba ƙato ne, ko a kwance ya fi ta nauyi sau biyu. Ita ke ɗaga shi, ta juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ta yi masa wanka, ta yi masa tsarki, ta ba shi abinci a baki. Ita ke ɗaukar fo zuwa salgar unguwa, ta bi layi da shi a rufe da tsumma, mutane suna matsawa gefe. Ita ke layin famfo. Da damina zannuwansa ba sa bushewa, sai ta shanya su a ɗaki a kan kurfotin gawayi, su biyu suna shaƙar hayaƙi. In ransa ya ɓaci, hannun hagun nan da ya rage masa na soja ne. Na sha ganin kuncinta a kumbure, ta ce ƙofa ce.

Da farko ta ci gaba da kokonta a ƙofar gida. Sai na lura in tana waje Baba ba ya iya kiranta, ni kuma mai dabara, na kawo masa cokali da kwanon tasa na koya masa bugawa. Har yaba mini aka yi. Daga ranar Gwaggo ba ta ƙara zuba wa mutum uku koko a jere ba tare da kwanon ya yi ƙara ba. Ƙosai ya riƙa ƙonewa a mai, masu saye suka koma wurin wata. Ta kife tukunyar. Iyakar duniyarta ta zama inda ƙarar cokalin nan ke kaiwa, wato daga ɗaki zuwa igiyar shanya. Wani mai goro daga Zongo Lane, mutumin kirki, ya nemi aurenta, Baffa ya ce ya dakata mara lafiya ya ɗan farfaɗo. Ya dakata shekara biyu, ya auri wata. Gwaggo ta ce Allah Ya sanya alheri, ta buɗe akwati ta rabar da atamfofinta.

Mu kuwa ba mu yi sakaci da zumunci ba, a'a. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci sai mu biyo da manyan rigunanmu, mu tarar da ita a bakin ƙofa. Sannu Gwaggo, ya mai jiki? Ta ce da sauƙi. Haka gaisuwar take, ba mu muka ƙirƙiro ta ba: ana tambayar mai jinya labarin mara lafiya, shi kuma ya ce da sauƙi ko da ana shirin haƙa kabari. Sai mu leƙa ɗaki, mu ce Allah Ya ƙara sauƙi, mu ajiye sabulu da sukari. Ita ce ma za ta kawo mana ruwan sha. Kafin la'asar kowa ya kama gabansa, zuciyarsa wasai.

A shekara ta biyar aka yi rigimar da Baffa ya manta. Juma'a ce, muna zaune a tabarma. Ya ce ya mai jiki, sai ta ce, "Wanne?"

Baffa ya yi dariya, ya ɗauka tsohuwar tsokanarta ce ta motsa.

"Mu biyu ne a ɗakin nan," in ji ta. "Wanne kake tambaya?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce sabulu ya ishe ta, har ta rasa inda za ta sa shi. Abu ɗaya take roƙo: ranar Lahadi wani ya zo ya zauna da Baba daga hantsi zuwa la'asar, ta je ta ga teku ta dawo. Baffa ya gyara zama ya fara kawo dalilai. Iyalinsa suna da nisa. Namiji ba ya irin wannan aiki. Kuma me mutane za su ce, mace mai shekarunta tana yawon bakin ruwa yayanta na kwance? Ya ƙare da lada, ya ce ladan da take samu ko mai zuwa Makka da ƙafa bai samu ba, kada ta ɓata shi da baki. Gwaggo ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da fo, wankakke tas, ta ajiye a gabansa a kan tabarma. Ta ce ga ladan nan, ya ɗiba, ba ta son ta cinye ita kaɗai.

Baffa ya sa takalmi ya fita, wata uku bai tako gidan ba. Dangi suka ce ta yi rashin kunya. Ƙarshenta ita ce ta ba da haƙuri, kuma ni aka aika Madina da saƙon. Na je, na faɗa da kyau, har na ƙara da nawa. Lahadin kuwa ba a sake tayar da maganarta ba. Ina zaune a tabarmar nan ranar, ina da ƙafa biyu da hannu biyu, shagona ba ya buɗewa ranar Lahadi sai da rana, amma ban ce ni zan zo ba.

Daga nan ta fara canjawa, muna kallo. Ta zuba gishiri a kunu maimakon sukari. Ta tsaya a salla ta rasa raka'a nawa ta yi, ta sake, ta sake. Ɗankwalinta ya karkace ta bar shi. Wadda muryarta ke cika tasha ta koma magana ciki-ciki, ita kaɗai, tana wanki hawaye na zuba a daro ba ta ma sani ba. Ta ce tana jin ƙarar cokalin ko da cokalin yana hannunta tana wankewa. Mata suka ce iska ce ta taɓa ta. Aka karɓo rubutu, ta sha, ta yi godiya. Wata rana da hantsi na kawo wa Baba rigar da na ɗinka masa, ta riƙe hannuna a bakin ƙofa ta ce, "Tela, jiya na tsaya a kansa da matashin kai, gyara masa zan yi, sai na ji tsoron hannuna." Idonta a kaina, tana jira. Na ce a'uzu billahi, Gwaggo, ki yi istigfari, Shaiɗan ne. Abin da na ba ta ke nan. Ta saki hannuna ta ce to.

Duk da haka akwai abin da bai mutu a cikinta ba. Maƙwabciyarta, wata 'yar ƙabila, Bakotokola, da ke ɗakin kusa da famfo, tana da 'ya mai farfaɗiya wadda ba a iya barinta ita kaɗai. Ban taɓa jin Gwaggo ta tambaye ta ya mai jiki ba. Sai dai ta ce, ke fa, kin ci abinci? Kin runtsa? In rana ta take, Baba ya yi barci, sai ta sa a kawo mata yarinyar ta zaunar da ita a gefenta a bakin ƙofa, ta kori uwar ta je ta kwanta. Abin da take roƙonmu ke nan, take bayarwa a gabanmu, daga ɗan abin da ya rage mata. Mu kuma muka ce kai, Gwaggo akwai son mutane.

Yanzu ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Bara, bayan ƙaramar salla, aka riƙa ganin wata nas tana bin gidaje a Nima da littafi a hannu. An ce an turo su ne su binciki halin da masu jinya a gida suke ciki. Matashiya ce, 'yar unguwar Alajo, Hausarta ta Zongo ce zalla. Na zo gidan da azahar na same ta tana fitowa, ashe ta daɗe a ɗaki tare da Gwaggo. Ta tare ni a bakin ƙofa, ta nuna ɗakin da haɓa.

"Kai ne yaronshi?" Na ce ni ne.

"Ya gaji," in ji ta. "Ba ya barci, ba ya cin abinci, yana kuka. Ku ba shi hutu, ko rana ɗaya a sati. In ba haka ba, zai faɗi."

Na ce to, in Allah Ya yarda, mun gode. Washegari na je kasuwa na sayo katifar rimi sabuwa, mai kauri, da kwalbar maganin ƙarin jini. Na sa aka ɗauko katifar a ka aka ratso unguwa da ita, kowa ya gani. Na ce nas ta ce Baba ya gaji, yana bukatar hutu.

Na daɗe ina gaya wa kaina kuskure na yi, ita ce ta ce "shi", ni kuma a gidanmu "shi" namiji ne. Ƙarya nake. A Nima na tashi, da wannan Hausar nake ciniki tun safe har yamma. Kullum sai wani ya ce mini matansa ya aiko a rage masa riga, ban taɓa ɗauka rigar namiji ake nufi ba. Kuma Baba yana cin abinci kamar mai noma, yana barci rana tsaka. Wane hutu za a ba wanda ya shekara takwas a kwance? Ina zai faɗa? Kafin na kai bakin kwata ranar na san wa take nufi. Amma in na gane, sai na rufe shago rana guda, sai na ɗauki fo na bi layin salga a gaban mutanen da nake auna wa wando, sai na ga tsiraicin ubana. Katifa ta fi sauƙi.

Da aka shigo da ita, Gwaggo ta tsaya tana kallo, ta ji bayanina har ƙarshe. Ashe ta ji abin da nas ta gaya mini, ƙofar a buɗe take. Sai ta fara dariya, irin wadda rabona da ji tun tana tasha, ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa ta riƙe ciki. Na fara tayawa, don na ɗauka murna ce. Da ta lafa ta goge ido da gefen zane.

"Tela," ta ce, "yau Hausar Zongo ta yi maka rana."

Daga nan ta tashi ta kama kafaɗun Baba, ta ce in kama ƙafafu, muka mayar da shi kan sabuwar katifa. Shi ne karo na farko da na ɗaga shi, kuma kwana biyu bayana yana ciwo. Tsohuwar katifar ta riga ta ruɓe, aka ƙone ta. Gwaggo ta ci gaba da kwana a tabarmarta.

Wata bakwai ta ƙara. Ranar Talata ce, da hantsi. Ta wanke zannuwan Baba ta shanya, ta zauna a bakin ƙofa inda ta saba, ta jingina da bango, ɗankwali ya ɗan rufe mata ido. Masu wucewa zuwa famfo suka riƙa gaishe ta, ya mai jiki, ya mai jiki. Ba ta amsa ba. Wata ma ta ji haushi, ta je tana faɗa a layi cewa tsohuwar nan yanzu ko gaisuwa ba ta amsawa. Cokali yana ta ƙara a ɗaki. Maƙwabciyar nan ce ta ji bugun ya yi tsawo, abin da ba a taɓa yi ba, ta fito ta taɓa ta. Zannuwan ba su ma bushe ba.

Da aka dawo daga maƙabarta, kowa yana ta haƙuri da Aljanna, maƙwabciyar nan kaɗai ce ba ta yi mini irin wannan gaisuwar ba. Ta tsaya a gabana, 'yarta riƙe da zanenta, ta ce, "Kun cinye shi." Wannan karon ban yi kamar ban gane ba.

Jiya da la'asar na tsallaka Nima. Na tarar da matata a bakin ƙofa, daidai wurin, da daro a hannu, ɗanmu na goye a bayanta. Mace ce mai surutu, in na dawo daga shago sai na roƙe ta ta bar ni in ci tuwo. Kwana talatin da takwas kawai ta yi a gidan. Na buɗe baki, gaisuwar nan ta zo mini har kan harshe, na haɗiye ta. Na ce, "Ke fa? Ya kike?"

Ta dube ni kamar da wani yare na yi mata magana. Sai ta ce, "Da sauƙi."

Na kama daron. Ba ta saki ba, ta ce Maigida, mutane za su yi maka dariya. Na ce su yi. Na ce ta tafi gida ta kwanta, gobe ma kada ta zo. Na shiga na yi wa Baba wanka, na yi masa tsarki, ban iya ba, na jiƙa katifar. Ya kai mini hannun hagu a kunne, ya yi ashariyarsa, sannan ya kalli ƙofa ta bayan kafaɗata ya ce, "Inna." Na ɗauki fo na bi layin salga. An yi dariyar. Ba ta kashe ni ba, kuma wannan shi ya fi ci mini rai, don da na san iyakarta ke nan, da Gwaggo ta ga teku.

Gobe zan ajiye fo a kan tabarma, wankakke, in ce kwana bakwai ne a sati, na ɗauki biyu, a raba sauran, kuma matata ba za ta wuce ɗaya ba. Na san Baffa zai nemi takalminsa. In ya fita, ba ni zan kai saƙon ban haƙuri Madina ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yafe mata, Ya shimfiɗa mata inda ba a buga cokali. Mu kuma da muka ci amanarta da gaisuwa da sabulu, in akwai sauran gafara, Allah Ya sa mu a ciki. Masu zuwa sadaka gobe, ku yi addu'a da kowace Hausa kuka iya, Allah Yana ji. Amma in za ku ba da labarin gidan tsohon soja, ku faɗe shi daidai. Ita ce ta gaji.